Ku bar nonon yarinyar nan ya huta, ku leƙa kwanon kunu

Na san wasu za su ce kai namiji mi ya kai ka zancen nono, to ku yi haƙuri ku saurara, abin ne ya faru cikin gidana kuma har yau in na tuna kunya nake ji. Ɗiyarmu ta biyu tana wata 8 awonta ya tsaya cak, sau biyu a jere uwarta na kai ta awo likitar unguwa ana ɗora ta kan sikeli kilo bai motsa ba, ga zawo yau ya tafi gobe ya dawo, ga ta ba ta son cin komi, in an kawo cokali sai ta kau da kai. Inna ta dube ta, ta dubi uwar, ta ce ai ba wani abu ba ne, nonon yarinyar nan ne ya lalace, ya tsinke ya koma ruwa. Aka kira wata tsohuwa maƙwabciya aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, tururuwa ta yi ta wutsil-wutsil ta kasa fita, shikenan hukunci ya tabbata. Aka fara shawarar jiƙo da bauri, wata ma ta ce a yaye ta kawai a kai ta wajen kaka. Ni ina zaune ina ji ban ce uffan ba, don a raina ni ma na yarda. Uwar kuwa a ɗaki take kukanta a ɓoye, kun san yadda abin yake da ciwo a ce wa mace abin da ke jikinta shi ke cutar da ɗiyarta.

Da zawon ya yi tsanani ne na raka su likita da kaina, kuma gaskiya ba don Allah na je ba, moto ne babu mai kai su. Majo, babban ma'aikacin likitar, ya duba yarinya, ya duba karne, ya tambayi uwar mi take ci bayan nono. Ta ce kunu. Ya ce kunun mi. Ta ce na hatsi, a tace shi ya yi ruwa-ruwa a sa sukari. Ya ce sai mi kuma. Ta ce sai ɗan ruwan fura da rana. Sai ya juyo wajena ya ce, "Malam, kai jiya da dare bayan isha mi ka ci a waje?" Na ce tsire ne na dala hamsin, da shayi. Ya ce, "To maganin ɗiyarka ne ka cinye." Mata da ke bisa benci suka fashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Daga ranar na shiga bin diddigin maganar, kuma abin da na samu shi ne nake so mutanen Damagaram su ji, musamman mu maza.

Akwai wani sinadari da ake kira zinki, ma'aikatan likita na nan suna cewa zenk irin na Faransanci, na ga wasu kuma suna rubuta tutiya. Shi ne dai ƙarfen da ake shafe tol ɗin rufi da shi don kada ya yi tsatsa, amma a jikin mutum ɗan mitsitsi ne, babban mutum duka-duka giram 2 zuwa 3 ne a jikinsa. Sai dai aikinsa ya fi girmansa, da shi tsoka da ƙashi ke girma, da shi miki ke warkewa, da shi cikin hanji ke gyara kansa bayan zawo, garkuwar jiki ma ta dogara da shi, har ɗanɗanon abinci a baki da son cinsa. Kuma jiki ba ya da rumbun da yake tara shi da yawa, kullum sai an ci. Duniya ma ba ta daɗe da sanin muhimmancinsa ga mutum ba. A 1961 ne wani likita ɗan Indiya, Ananda Prasad, ya ba da labarin samarin da ya gani a Shiraz ta ƙasar Iran, saurayi mai shekara 20 da ɗoriya amma in ka gan shi ka ce yaro ne ɗan shekara 10, bai balaga ba, abincinsu gurasar alkama ce safe da dare ba nama, suna kuma cin ƙasa. Ya je Masar ya tarar da irinsu, a 1963 ya tabbatar rashin zinki ne, da aka ba su sai ga su suna tsawo. Da na karanta wannan hankalina bai je Iran ba, ƙauyukanmu na tuna, inda za ka ga yaro ka ce shekararsa 4 a ce maka ai 7 gare shi.

To yanzu ga zancen nono. Nonon farko, wannan mai kauri ɗorawa-ɗorawa da muke kira dakashi, shi ya fi kowane nono zinki, a kwanakin farko yana kai miligiram 8 ko fiye a lita guda. Daga nan sai ya fara sauka kuma saukar da sauri take, bayan sati 2 wajen miligiram 4, bayan wata guda 2 zuwa 3, a wata 6 ya dawo wajen 1, in yaro ya shekara kuwa rabin miligiram ne ko kusa da haka. Wannan saukar kowace mace ce a duniya, matar minista a Yamai da matar da ke surfe a ƙauyen Tanut da baturiya a Faransa duk haka nasu yake yi. Halitta ce. Har an gwada a Denver ta Amurka, Nancy Krebs da Michael Hambidge da abokan aikinsu sun ba mata masu shayarwa ƙwayar zinki watanni suna auna nonon, bai hana shi sauka ba. Ma'ana ba jiƙo, ba sassaƙe, ba siro ɗin farmasi mai tsada da zai mai da nonon wata 8 ya koma na satin farko. Duk mai sayar maka da irin wannan kuɗinka kawai yake so.

Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe ciyar da maijego ɓarnar kuɗi ce, a'a wallahi. Akwai abubuwan da yawansu a nono yake bin abin da uwa ta ci, irinsu bitamin A da aidin da wasu bitamin B. Shi kuma zinkin da nono ke fitarwa daga jikinta ake cire shi ko ta ci ko ba ta ci ba, shi ya sa ake lissafa mai shayarwa tana buƙatar wajen miligiram 12 a rana, fiye da mai ciki ma. Saboda haka ƙaurin da ake dafa wa maijego da naman suna haƙƙinta ne, matsalar dai da an yi arba'in sai a manta da ita, ta koma tuwo da miyar kuka alhali shayarwar yanzu ta fara.

Abin tambaya shi ne in zinkin nono raguwa yake yi, yaya jariri ke girma lafiya har wata 6 da nono kaɗai? Saboda biyu ne. Ana haihuwarsa da ɗan guzuri a cikin hantarsa wanda ya tara a watannin ƙarshe na ciki, sannan zinkin nonon uwa hanji na karɓarsa da sauƙi, wajen rabinsa yana shiga jiki. Madarar shanu ma a lissafi ta fi nonon uwa na wata 6 yawan zinki, amma ba ta shiga jikin jariri kamar yadda na uwa ke shiga. Dakashi mai yawa a farko, guzurin hanta a tsakiya, haka ake kai wa wata 6. Mu kuma mi muke yi? A gidaje da yawa har gobe dakashin nan matse shi ake yi a zubar wai datti ne, a riƙe jariri kwana 2 ko 3 da ruwan rubutu da ruwan sukari ko madarar akuya sai farin nono ya zo. Wato kason da ya fi kowane tsada shi muke zubarwa a ƙasa. Abin dariya kuma duk mai kiwo a garin nan ya san ɗan akuyar da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙwari, ba wanda zai hana ɗan tunkiyarsa, amma ɗansa na cikinsa ya hana.

Sai zancen ruwa. Na sani, a watan Afrilu da zafi ya haura 40 ana zaune gumi na zuba, ka ce wa tsohuwa kada a ba jariri ruwa, kallon marar imani za ta yi maka. Amma nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, kuma mu da muka san wahalar ruwan Zinder, mun san ta inda bidon ɗan ga-ruwa ke biyowa kafin ya iso randa, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Duk kurɓin ruwa ko kunu da ya shiga cikin ɗan wata 3 ya tare wurin nono ne, in kuma ya jawo zawo to zinkin da ke jikin ma ta nan yake zubewa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 ne kawai na jariran Nijar ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Saboda haka masu kiran nono zalla wata 6 a rediyo suna da gaskiya, ba ni da ja da su ko kaɗan.

Inda nake da ja shi ne sun tsaya rabin hanya. An yi ta maimaita wata 6, wata 6, har kowa ya haddace, amma wata na 7 fa? Nan ne ramin yake kuma nan ne ƴaƴanmu ke faɗawa. Ku yi lissafin da kanku, yaro ɗan wata 7 zuwa shekara ana so ya samu wajen miligiram 3 a rana, nonon da yake sha a lokacin bai fi rabin lita da ɗan wani abu ba, kowace lita kuma miligiram 1 ko ƙasa, guzurin hanta ya ƙare. Abin da nono ke ba shi ko miligiram guda bai cika ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ɗan wata 9 zuwa 11, kashi 86 cikin 100 na zinkin da yake buƙata daga abinci ya kamata ya fito. Daga kwano kenan. To mi ke cikin kwanon? Tataccen kunu mai ruwa-ruwa wanda in ka karkata cokali zai zube kamar shayi.

Hatsi ba abin rainawa ba ne, shi ya raine mu, kuma yana da zinki daidai gwargwado. Amma akwai wani abu a cikinsa da cikin dawa da wake da ake kira fitat, shi kuma aikinsa ya kama zinki ya riƙe gam a cikin hanji ya fice da shi ta bayan gida. Ga shi ɗan gari kaɗan aka dama a ruwa mai yawa, ga cikin yaro ɗan ƙarami bai fi kofin shayi babba ba, ga ɗan abin da ke ciki ma fitat ya riƙe. Yaro ya sha ya ƙoshi cikinsa ya yi tim, uwa ta ga ya ƙoshi hankalinta ya kwanta, amma jikin bai samu abin gini ba. Sai rashin zinki ya kashe masa son abinci, hanji ya yi rauni zawo ya shigo, zawo ya ƙara kwashe zinkin, a haka ake ta zagaye har tamowa ta kama. Kuma da yake daidai lokacin ne haƙori ke fitowa sai mu ce haƙori ne, in ba haƙori ba nono ne, in uwar ta samu ciki kuwa an samu abin faɗa, rurrutsa ce, nonon ciki ya sha. Kowa ana tuhuma ban da kwanon.

A nan zan yi wa tsofaffinmu adalci, don ba komi suka ɓata ba. Tsohuwar hanyar da ake jiƙa hatsi ya kwana, a niƙa, a bar gasara ta yi tsami kafin a dama koko, wannan tsamin yana karya fitat sosai. Haka tsiro, in aka bar hatsi ko dawa ya tsira aka shanya aka daka, fitat na raguwa, kuma ɗan garin tsiro kaɗan in aka barbaɗa a kunu mai kauri sai ya sake shi ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba, yaro ya sha gari mai yawa a kofi ɗaya. Su ba su san sunan fitat ba amma hannunsu ya san aikin. Mu ne ƴan zamani da muka koma kai hatsi inji a busashe a dawo a dama nan take don sauri. Kuma ko zancen nono marar kyau ɗin ba ƙarya ce zalla ba, akwai mata ƙalilan ƙwarai da aka haifa da wata tangarɗa a ƙwayar halitta mai tura zinki cikin nono, masana na kiranta ZnT2, su nononsu da gaske zinkinsa kaɗan ne tun farko, jaririn sai ya yi ƙuraje da saɓar fata kewayen baki da wajen zama, ga zawo ga zubar gashi. Amma ko a wannan ba yaye ake yi ba, jaririn ake ba zinki a baki ya ci gaba da shan nononsa, cikin kwanaki fatar ta fara warkewa. Haka bakwaini da wanda aka haifa ɗan ƙarami, guzurinsu bai cika ba, su likita ya kamata ya riƙa bibiya tun kafin wata 6. Ita tururuwa dai ko cikin madarar gwangwani ka jefa ta ba fita za ta yi ba.

To ina zinkin da ke shiga jiki da sauƙi yake? Yana wajen mahauta. Jan nama da hanta, giram 100 na ɗauke da miligiram 4 zuwa 5 ko fiye, ba fitat a ciki, kuma in an haɗa shi da hatsi yana taimaka wa na hatsin ma ya shiga. Kifi na da shi, ƙwai na da ɗan nasa, fara ma da muke saye tiya-tiya a Kasuwar Dole muna ci da yaji don marmari tana da shi sosai. Gyaɗa da riɗi da wake suna taimakawa ko da yake su ma da fitat ɗinsu. Ba kilo ake nema ba, yanki ne kamar yatsu biyu, a dafa ya yi luguf a murje a cikin kunu mai kauri ko a cikin ɗan tuwo da miya. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka ya zama gari a riƙa zuba cokali guda. Fara a cire ƙafafu da fiffike a daka, in dai an tabbata ba wadda feshin magani ya kashe ba ce. Da damina ƙwan zabi har rasa mai saye yake yi a ƙauye, amma an ce yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, to ni dai ɓarayin da na sani a ƙasar nan ba ƙwai ya lalata su ba.

Kuma nan ne maganar ta dawo kanmu maza, don a tsarin gidajenmu nama na maigida ne. In an sa ɗan nama a miya kwanonsa ake tsame wa, yara sai romo, jariri kuwa ba a ma lissafa shi, wai ba shi da haƙori. Da yawanmu ma namanmu a waje muke ci, a tsaya wajen mai tsire ko mai balangu bayan isha, a goge baki a shigo gida kamar ba a yi komi ba. Na yi, shi ya sa nake faɗa. Damagaram jiha ce ta dabbobi, an saba kora su ana lodi zuwa Maigatari da Mai'aduwa, kilishinmu har ƙasashen waje ake tsaraba da shi, amma a binciken 2012 ɗin nan kashi 44 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma Zinder da Maraɗi kullum suna cikin na gaba a wannan lissafi. Ba zinki kaɗai ke kawo wannan ba, akwai zazzaɓin sauro, akwai ƙarancin jini, akwai ruwa marar tsabta da haihuwa kusa-kusa, amma yana cikin manya.

Za a ce talauci. Gaskiya ne, kuma wanda bai san halin da ake ciki ba ne zai musa, akwai gidan da tiyar hatsin ma sai an yi da gaske, balle lokacin da rumbu ya ƙare damina ba ta kai ba. Wannan gidan ba shi nake wa faɗa ba, shi hukuma ce ke da bashinsa. Amma mu na cikin gari da ke da kuɗin shayi sau uku a fada, da goro, da taba, da kuɗin intanet da muke karanta wannan rubutun da shi, kada mu ɓuya bayan talakan ƙauye. Hantar dala ashirin ta ishi ɗan wata 8, kuma ita hanta sau ɗaya ko biyu a sati ma ya isa, sauran ranaku ɗan nama ko kifi ko ƙwai. Mutum zai yanka rago biyu ranar suna a yi ta rabo har unguwa ta gaba, mai sunan kuma ya shekara bai ɗanɗana nama ba.

Ita ma hukuma da ƙungiyoyi ina da magana da su. Tun yunwar 2005 muka saba da abincin gyaɗar nan na yara masu tamowa mai jan leda, Plumpy'Nut, kuma yana aiki, cikin abin da ke sa yaro ya farfaɗo da shi har da zinkin da aka zuba masa. A Magarya ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana karɓar yara dubbai duk damina, a Mirya ƙungiyoyin lafiya na BEFEN da ALIMA sun koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da kansu don gane tamowa, duk abin yabo ne. Amma duk wannan jiran yaro ake yi ya faɗa ramin sannan a ciro shi. Abin da nake so in ji a rediyo shi ne zancen wata na 7, da sunan abinci ƙarara, hanta, kifi, ƙwai, fara, koko mai tsami, kuma a faɗa wa mai riƙe da aljihu. Mata ake tarawa a likita ana yi musu bayani da hotuna, su dawo gida su faɗa wa wa? Ba su ke zuwa wajen mahauci ba. A jihar nan aka fara makarantar mazaje, inda ake tara magidanta ana koya musu zancen lafiyar iyali, wajen 2008 tare da UNFPA ta majalisar ɗinkin duniya, har wasu ƙasashe suka zo suka kwaikwaya, to a sa wannan darasi a ciki, a kai shi fada, a kai shi masallaci, liman da ke karanta mana ayar shayarwa shekara biyu cikin Baƙara ya ƙarasa mana ita, ai a cikin ayar ne aka ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba. Sannan tun 2018 aka fitar da irin hatsin nan Chakti a ƙasar nan, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yi aikinsa, an zaɓo shi ne don ya fi hatsin da muka saba yawan ƙarfen jini da zinki, kuma yana nuna da wuri. Irin wannan iri a hannun manomin Kance da Matamaye da Dungas ya kamata a gan shi, da farashin da zai iya saye, don shi ne hanyar da za ta kai ga gidan da ba ya iya sayen nama.

Sai ƙwayar zinki ta zawo, wadda da yawa an ba mu amma ba mu san darajarta ba. Tun 2004 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka ce duk yaron da ke zawo a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki, miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma rabi, miligiram 10. Tana rage kwanakin zawon, tana kuma kare yaro daga wani har wata 2 zuwa 3 gaba. Narkewa take yi a cokali da ɗan nono ko ruwa mai tsabta. Matsalarmu da zawo ya tsaya a kwana na 3 sai a jefa sauran bisa kanta, alhali sauran kwanakin ne ke mai da abin da ya zube. Wani yaron tana sa shi amai, sai a ba shi bayan ya ci wani abu. Wasu kuma ba sa ganin an yi musu magani in ba a rubuta musu allura ko siro mai launi ba, su tafi wajen mai tebur su sayo kafso. An ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne tun 2006 zamanin Tandja, amma ni da kaina an taɓa ce mini babu, in je farmasi, kuma ƙwayar da ba ta da tsada irin wannan bai kamata a ce ta yanke a likita ba. Ba kuma cewa na yi a sayo a riƙa ɗura wa yaro kullum kamar alewa ba, yawanta ma illa ne.

Mu dai abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne. Kwana 10 na ƙwayar nan muka cika cif, ni ke ƙirgawa. Ba a yaye ta ba, ta sha nononta har ta kusa shekara 2. Kunu ya koma mai kauri da ƙullun da ya kwana, ana sa garin ƙuli-ƙuli, ni kuma na koma in na tsaya wajen mai nama sai in ce ya yanko mini ɗanye kaɗan a ƙulle daban kafin ya sa yaji, har ya saba, da ya hango ni sai ya ce na ƴar gidan ne ko. Ran farko da Inna ta ga ana murje hanta a kunu salati ta saka, ta ce, "Kai yanzu jaririyar da ko haƙori huɗu ba ta cika ba za ku ɗura wa nama, so kuke ta yi kwaɗayi?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, Majo ne ya ce, mu gwada wata guda." Ta ce to ai ku ne ƴan boko. Awo na gaba kilo ya motsa, na bayansa ya ƙara. Har yau in zancen ya taso Inna cewa take baurin da ta ba ta a ɓoye ne ya yi aiki, ban taɓa yi mata musu ba. Amma da ƙanena ya samu ɗa bara, yaron na cika wata 6 na ji ta tana aika shi kasuwa, wai ya sayo hanta kuma ya ce wa mahaucin ta rago take so.